Tarihin Ciwon Mugunya a Gaɓoɓin Ƙananan Yara

A kowace babbar kasuwa, daga Maraɗi har Kumasi, akan ga magidanci yana tafe yana ɗingishi, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗayar gajarta. In aka tambayi danginsa, sai su ce tun yana goye abin ya same shi. Waɗansu su ce shan inna ne, waɗansu su ce faɗuwa ya yi daga bayan mai reno, waɗansu kuma su ɗora wa iska. Gaskiya ne shan inna ya gurgunta yara masu yawa. Amma a cikin masu ɗingishin nan akwai waɗanda wani ciwo dabam ne ya taɓa su, wato mugunya da ta taru a gaɓar kwatangwalo sa'ad da suke jarirai, ta cinye kan ƙashin cikin 'yan kwanaki ba wanda ya gane.

Fiye da shekara 150 ke nan da likitoci suka fara rubutu a kan wannan ciwo. Maganinsa ya samu tun tuni. Abin da ya fi ba su wuya tun daga farko har wa yau shi ne gane shi a kan lokaci, gama mai ciwon bai iya magana ba, ciwon kuwa ya iya ɓuya.

Yadda ciwon yake shiga

Gaɓa ita ce wurin da ƙashi biyu suka haɗu, kamar gwiwa, da kafaɗa, da kwatangwalo. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. An kuma kewaye mahaɗin da wata jaka mai ƙarfi wadda take riƙe da ɗan ruwa mai yauƙi, domin kada ƙasusuwan su goge juna. A kwatangwalo, kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin gurbi mai kama da ƙoƙo.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta sukan shiga jinin yaro ta ƙurji, ko miki, ko maƙogwaro, ko hanji, ko cibiyar da ba ta warke ba. Jini ya kwashe su ya kai cikin jakar gaɓa, su yi ta haihuwa a can. Jiki ya aiko da fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, abin da ya rage a fagen fama kuwa shi ne mugunya. Mugunyar nan tana ɗauke da sinadarai masu narkar da guringuntsi, ɓarnar kuma takan soma tun a rana ta fari. Da yake jakar a rufe take, mugunyar ba ta da mafita, sai ta matse jijiyoyin da suke kai jini ga kan ƙashin har ya mutu. Wani lokaci ma takan turo shi waje daga gurbinsa.

Likitan Landan da jarirai 21

A shekara ta 1874 wani likitan fiɗa mai suna Thomas Smith ya rubuta bayanin jarirai 21 da ya gani da wannan ciwo. Smith yana aiki a asibitin Saint Bartholomew a birnin Landan, da kuma asibitin yara na titin Great Ormond wanda aka buɗe a 1852. Fiye da rabin jariran nan mutuwa suka yi. Da ya bincika gawawwakinsu, sai ya ga sau da yawa ƙurjin yakan soma ne a bakin ƙashi, daga nan ya fashe zuwa cikin gaɓa. Waɗanda suka rayu, da dama sun tashi da gaɓa lalatacciya. Har yanzu likitocin ƙashi suna kiran lalacewar kwatangwalon jariri irin wannan da sunan Tom Smith.

Smith ya ga ɓarnar da idonsa, amma a zamaninsa ba a tabbatar da mai yin ta ba tukuna. Iyakar abin da likita yake iya yi shi ne ya tsaga ya fitar da mugunyar, wannan ma da fargaba. Shekara 7 kaɗai ke nan da Joseph Lister ya bayyana hanyar tsabtace miki da kayan fiɗa, a 1867. Kafin wannan lokaci, buɗe gaɓa yakan jawo ruɓa, ruɓa kuma ta kai ga yanke ƙafa ko kabari. Sabili da haka likitoci sukan jira sai kumburi ya fito fili kafin su sa wuƙa. A gwiwa kumburi yakan fito da wuri. Kwatangwalo kuwa a binne yake cikin tsoka mai kauri, kafin a ga kumburinsa daga waje aikin gama ya gama.

An ga ƙwayar, an kasa ganin gaɓar

A 1880, a garin Abadin na ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston ya ɗebi mugunya daga ƙurajen majiyyata ya duba da madubin ƙara girman abu. Ya ga 'yan ƙwayoyi kewayayyu sun taru cunkus kamar nonon inabi. Ya sa su a jikin ɓeraye, ɓerayen suka yi ƙuraje. Ya raɗa musu suna sitafilokokus, daga kalmar Helenanci mai nufin nonon inabi. A 1884 wani Bajamushe, Friedrich Rosenbach, ya ware irin da yake yin launin zinariya idan aka rene shi a ɗakin gwaji. Wannan iri shi ne babban mai haddasa mugunya a ƙashi da gaɓa a duniya duka. Yana zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, yana jiran ƙofa.

A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Aka yi murna, aka zaci ɓoyayyen ciwo ya ƙare. Ashe da sauran aiki. Hoton ƙashi yana nuna ƙashi ne mai tauri, ba ya nuna guringuntsi. Kan ƙashin cinyar jariri kuwa guringuntsi ne zalla, sai wajen wata 4 zuwa 6 da haihuwa yake soma yin ƙashi a tsakiyarsa. Ko a yaro babba ma, hoton yakan fito lafiya lau a kwanakin farko, sai bayan kwana 10 ko mako 2 ɓarnar take bayyana. Yara da yawa aka sallama gida da cewa hoto bai nuna kome ba, alhali mugunya tana can tana aikinta.

Zuwan penisilin

Alexander Fleming ya lura da penisilin a 1928, amma sai a 1941 Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu suka gwada shi a jikin majiyyata a Okasfod. Daga nan mutuwar yara saboda ciwon ƙashi da gaɓa ta ragu ƙwarai. Sai dai ɗingishi bai tafi tare da mutuwa ba. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya riga ya narke, ba ya kuma kwashe mugunyar da ta matse jijiya. Likitoci sun lura cewa yaron da aka yi jinkirin kwana 4 ko 5 kafin a fitar masa da mugunyar kwatangwalo, shi ne ya fi saura da lahani. Ƙwayar ita ma ba ta zauna haka ba. Kafin ƙarshen shekarun 1940 da yawa daga cikinta sun daina jin penisilin, a 1961 kuma aka sami wadda ba ta jin sabon maganin da aka yi dominta, wato metisilin.

A Okasfod ɗin ne kuma aka sami amsar abin da Smith ya gani. Josep Trueta likita ne daga Basalona wanda ya bar ƙasar Sifen a 1939 a ƙarshen yaƙin basasa. Ya daɗe yana binciken yadda jini yake gudana cikin ƙashi. A 1959 ya bayyana cewa a ƙashin jariri akwai ƙananan jijiyoyi masu ƙetare wurin da ƙashi yake yin tsawo, su kai har bakin gaɓa. Jijiyoyin nan sukan ɓace bayan yaro ya shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Su ne gadar da ƙwayar cuta take bi daga ɓargo zuwa gaɓa. Shi ya sa ciwon ya fi muni ga jinjiri, ya kuma fi lalata wurin girman ƙashi, har ƙafa ta tashi gajeriya.

Ga jinjiri kuma alamun sun fi ɓuya. Sau da yawa ba ya yin zazzaɓi ko kaɗan. Abin da akan gani shi ne ya daina wutsil-wutsil da ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya, ya lanƙwashe cinyar ya karkatar da ita waje, ya tsala ihu in ana yi masa wanka ko ana sauya masa tsumma, ya kuma rage shan nono.

Ƙwayoyin da suka ƙi tsirowa

Hanyar tabbatar da ciwon ita ce a sa allura cikin gaɓa a zuƙo ruwan, a duba shi, a shuka shi a kan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a ga abin da zai tsiro. Shekaru da yawa likitoci suna mamakin abu guda. Ga mugunya a sirinji, amma farantin ya ƙi tsirar da kome. Haka yake faruwa ga yaro ɗaya cikin uku, a waɗansu asibitoci ma fiye da rabi.

Daga cikin waɗanda sukan tsiro, wadda a dā ta fi yawa a yara 'yan ƙasa da shekara 2 ita ce ƙwayar da ake kira Hib, mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. Rigakafinta mai ƙarfi ya fito a Amurka a 1987, aka soma yi wa jarirai a 1990. An gwada shi a Gambiya daga 1993 zuwa 1995 a kan jarirai fiye da 42,000, ƙasar kuma ta sa shi cikin alluran yara a 1997. Gana ta soma a 2002, Nijeriya a 2012, cikin allurar nan ta penta da ake yi a mako na 6, da na 10, da na 14. Duk inda allurar ta yaɗu, ciwon gaɓa na Hib ya kusa ɓacewa. Amma faranti marasa tsiro suna nan yadda suke.

Asirin ya tonu ne a kudancin Isra'ila, a asibitin Soroka da yake Biyer-sheba. Tun a 1960 wata mai binciken ƙwayoyin cuta a Amurka, Elizabeth King, ta ware wata ƙwaya da daga baya aka sa wa suna kingela domin girmama ta. Kusan shekara 30 ana ɗaukarta ƙwaya ce da ba safai take cutar da mutum ba. A ƙarshen shekarun 1980 likita Pablo Yagupsky da abokan aikinsa suka riƙa zuba ruwan gaɓar yara cikin kwalaben da ake renon jini, maimakon a kan faranti kaɗai. Sai ga kingela tana tsirowa a kai a kai. Dalili kuwa shi ne ruwan gaɓa yana da abin da yake hana ta girma, amma in ya shiga kwalba mai romo da yawa sai ya tsinke, ƙwayar ta sami sarari. Sun buga sakamakon a 1992.

A shekarun 2000, likitoci a Faransa da Suwizalan suka soma amfani da gwajin PCR, wanda yake neman alamar halittar ƙwaya ko da ba ta tsiro ba. Nan aka tabbatar cewa a waɗannan ƙasashe kingela ce kan gaba wajen ciwon gaɓa a yara 'yan wata 6 zuwa shekara 4. Tana zaune a maƙogwaron yara masu lafiya, tana yaɗuwa inda ake tara su reno, takan kuma shiga jini bayan mura ko ƙurajen baki. Yaron da ta kama sau da yawa ba ya zazzaɓi mai zafi, gwajin jininsa ma yakan fito kusan daidai. Yana wasa, yana cin abinci, ɗingishi ne kawai ko ƙin taka ƙafa.

Alamu huɗu na Boston

Akwai wani ciwo mai sauƙi da yake kama da wannan ƙwarai. Kwatangwalon yaro yakan tara ruwa bayan mura, ya yi ɗingishi mako ɗaya ko biyu, ya warke da kansa. Hoton sikanin, wanda ya yaɗu daga shekarun 1980, yana nuna ruwa a gaɓa, amma ba ya faɗa ko ruwan kirki ne ko mugunya. Likita yana tsaka mai wuya. In ya yi fiɗa ga mai ciwo mai sauƙi, ya wahalar da yaro a banza. In ya sallami mai mugunya, ya gurgunta shi.

A 1999 Mininder Kocher da abokan aikinsa a asibitin yara na Boston suka duba takardun yara 282 da aka kawo da ciwon kwatangwalo tsakanin 1979 da 1996. Suka fitar da alamu huɗu: zazzaɓi, da ƙin taka ƙafa, da fararen ƙwayoyin jini fiye da 12,000, da saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini fiye da milimita 40 a sa'a ɗaya. A lissafinsu, mai alama ɗaya yana da haɗarin kashi 3 cikin ɗari, mai biyu kashi 40, mai uku kashi 93, mai huɗu kuwa fiye da kashi 99. Ma'aunin ya bazu a duniya domin sauƙinsa. Amma da aka gwada shi a birnin Saint Louis a 2004, sai aka ga mai alamu huɗu haɗarinsa kashi 59 ne. Yaran kingela kuma da yawa ba su wuce alama ɗaya ko biyu ba. Ma'aunin yana taimako, amma bai ɗauke wa likita aikin taɓa yaro da zuƙo ruwan gaɓa ba.

Yadda abin yake a Afirka

A Afirka ta kudu da Sahara ciwon yana da tasa kamar. Likitocin da suka yi aiki a Malawi da Zambiya, har da Christopher Lavy, sun tarar cewa a wurarensu ƙwayar salmonela, wadda take fitowa daga hanji, tana cikin manyan masu haddasa shi a ƙananan yara. Ta fi kama masu ƙarancin jini, da masu tamowa, da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Sun kuma ga kafaɗa tana kamuwa fiye da yadda ake gani a Turai. Waɗansunsu suna zaton fizgar yaro ta hannu ɗaya domin a goya shi tana yi wa kafaɗa ɗan rauni wanda ƙwayar take fakewa da shi. A 2002 wani gwaji a Malawi ya nuna cewa ga kafaɗa, zuƙe mugunya da allura yana aiki kamar tsagawa. Wannan albishir ne ga ƙananan asibitoci.

A ƙasashen Hausa abubuwa uku suka fi rikita ganewa. Na fari zazzaɓin cizon sauro. Yaro yana iya ɗauke da ƙwayarsa a jini, gwaji ya nuna ta, a ba shi magani a sallame shi, ba wanda ya motsa ƙafarsa ya gani. Na biyu sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Tashin sikila yana kawo zafin ƙashi da kumburi da zazzaɓi, daidai da alamun mugunya, mai sikila kuwa ya fi sauran yara saurin kamuwa da salmonela a ƙashi. Na uku shan inna, wanda aka daɗe ana ɗora wa kowace ƙafa da ta daina motsi. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayarsa daga Afirka a 2020. Ƙafar shan inna takan saki ne ta yi laƙwas. Ƙafar mai mugunya a ƙage take, yaron yana tsare ta, ya yi ihu in an motsa gaɓar.

Bugu da ƙari, iyaye sukan zaci targaɗe ne su kai wa mai ɗori. Murza da ɗauri ba sa fitar da mugunya, sai dai su cinye kwanakin da suka fi daraja. Ƙwayoyin magani da akan saya a kanti a ba yaro kuwa sukan kwantar da zazzaɓi, su hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji, ciwon yana nan a ƙasa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Inda aka kai

Maganin yanzu a fili yake. A fitar da mugunyar da allura ko da fiɗa, kwatangwalo kuwa a yi masa da gaggawa. A soma magani ta jijiya na 'yan kwanaki, sa'an nan a ci gaba da na sha. Binciken Heikki Peltola da abokansa a Finlan a 2009 ya nuna cewa ga yaron da aka gane ciwonsa da wuri, ya kuma murmure da sauri, maganin kwana 10 ya yi aiki kamar na kwana 30. Yawancin waɗanda aka kama ciwonsu a kwanakin farko sukan warke sarai, su yi gudu kamar kowa.

Hoton ƙashi ya taɓa ruɗin likitoci, faranti ya ruɗe su, lissafin jini ma haka. Alamar da ta rage daram ita ce wadda Smith ya gani a 1874, wadda kuma uwa take riga kowa gani: jaririn da ya daina motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, mai rarrafe da ya ƙi rarrafe, mai tatata da ya ƙi taka ƙasa, yaron da yake ihu duk sa'ad da aka goya shi. Ko da zazzaɓi ko babu, irin wannan yaro asibiti ya kamata ya kwana a ranar. Wanda ya kai shi kuma ya nuna wa ma'aikacin lafiya gaɓar da hannunsa, ya faɗi ranar da abin ya soma, da kowane magani da aka riga aka ba shi.